Haƙƙin tsohon soja a ƙasar Kurfai: abin da Faransa ta rubuta da abin da ya iso

Hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Filinge tana bi ta Balleyara, ta faɗa kwarin Dallol Boso, ta ratsa Bonkuku, babban garin Imanan, wanda a yau aka fi sani da dankalin turawa na noman rani. Ta nan samarin Kurfai da Imanan da Tondikandiya suka riƙa fita aikin sojan Faransa har zuwa 1960. Wasu ba su dawo ba. Wasu sun dawo da ƙafa ɗaya, ko da tarin da ba ya jin magani, da 'yar takarda a aljihu wadda ta ce gwamnati ta san da su.

Yaƙi ya taɓa zuwa har ƙofar gida. A watan Afrilu na 1916 Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmidan, ya kawo wa Filinge hari, Kurfayawa kuma suka tsaya tare da sojan bariki aka kore shi. Amma a tsarin Nasara haƙƙi yana bin rajista ne. Mahayin da ya fito don sarkinsa ya kira shi ba ɗaya yake da sojan da aka ba lamba aka rubuta sunansa a littafi ba, ko da kibiya ɗaya ce ta same su.

Masu lambar su ne rundunar da Gwamna Faidherbe ya kafa a Senegal a 1857, wadda ta ci gaba da amsa sunan Senegal ko da sojan Bakurfe ne ko Bazabarme. A 1918 Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka a majalisar Faransa, ya zaga yana neman sojoji, ya samo kusan 63,000 a Afirka ta Yamma. Da alkawura ya same su: a ɗauke wa soja lanho, a ba iyalinsa ɗan kuɗi, a fitar da shi daga dokar da ta ba kumandan ikon kulle talaka ba shari'a, a kuma tanadar masa aiki idan ya dawo. Daga 1919 ɗaukar soja ta zama ta kowace shekara, aikin shekara uku. Kason Nijar bai kai na Sudan ta Faransa ko na ƙasar Mosi ba, sai dai hakimi ne ke cika adadin, kuma ba kasafai yake farawa da gidan masu ƙarfi ba. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin yakan tsallaka ƙasar Ingilishi har a gama.

A takarda, wanda ya nakasa yana da gata. Dokar 31 ga Maris 1919 ta kafa fanshon nakasa: likitocin soja su duba rauni, su auna shi da kashi cikin ɗari, a biya gwargwadon haka. Akwai littafin magani kyauta, akwai ƙafar roba ko sanda. A 1926 aka ƙirƙiro katin tsohon mayaƙi, a 1930 aka haɗa masa da ɗan kuɗin tsufa. Amma na sojan Afirka bai kai na Bafaranshe ba, kuma kafin a taɓa shi sai mutum ya nuna littafinsa na soja, ya je gaban likita, ya sa hannu a inda bai iya karantawa ba. Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne. Gurgu a kan jaki, a wancan zamani, sai ya yi shawara da kansa tukuna. Littafin kuwa gara kan ci shi, gobara kan cinye shi, ko a tarar magatakarda ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji.

Shi ya sa abin da ya fi amfanar tsohon soja shi ne ƙofar bariki. Ya ji Faransancin soja, ya san sara wa kumandan, don haka shi ake ɗauka gardi ko masinja ko mai gadin ofis. Ranakun bikin Faransa, 14 ga Yuli da 11 ga Nuwamba, yakan sa lambobinsa ya tsaya a sahun gaba, ya kai kukansa kai tsaye ba sai ya bi ta fada ba. Wannan ne ya sa sarakuna da yawa ba su sake jiki da su ba: ɗan talakan da aka tura don a cika adadi ya dawo yana magana da Nasara ido da ido.  Gatansa shi ne gardi ba ya korar sa daga bakin ofis.

Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka ga iyakar haƙuri. A Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamus suna neman kuɗinsu. Daga 1948 zuwa 1950 aka tura Kumandan Henri Liger ya bi Afirka ta Yamma yana rubuta tsofaffin sojoji da bashin da suke bi, a 1950 kuma aka yi dokar daidaita fansho. A daidai wannan lokaci wani yaro daga Fandu, a Tondikandiya, ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Indocin da Aljeriya, ya koma rundunar Nijar a 1961. Shi ne Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974.

Daidaiton bai yi shekara goma ba. Sashe na 71 na dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ya ce da zarar ƙasa ta sami 'yanci, fanshon 'ya'yanta zai tsaya cak a inda yake. Nijar ta samu nata ranar 3 ga Agusta 1960. Na Bafaranshe ya yi ta hawa da tsadar rayuwa, na ɗan Bonkuku sai ɗan ƙarin da aka ga dama, gero kuwa bai jira kowa ba. Alƙaluman da jaridun Faransa suka yi ta bugawa a 2006 sun nuna nakasasshen Bafaranshe yana karɓar Yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, ɗan Maroko 61.

'Yan Senegal ne suka ja shari'ar. A 1989 kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da abokansa fiye da 700 gaskiya, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce an zalunci Saje Amadou Diop, alhali ya rasu tun 1996. Gyaran 2002 rabi ne, don an auna shi da tsadar rayuwar kowace ƙasa. Sai da fim ɗin Indigènes, kan sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, ya fito a 2006 Shugaban Faransa Chirac ya yarda a daidaita fanshon nakasa da kuɗin katin mayaƙi daga 2007. Sauran ya jira hukuncin kotun tsarin mulki na 28 ga Mayu 2010, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2011.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1940 ya haura casa'in a lokacin. Kuma dokar ta ƙarshe ta ce cikakken gyaran sai mai haƙƙi ya rubuta ya nema, shi ko matar da ya bari, tare da takardun shaida.