Matuƙa Jiragen Sama na Amurka da Takardar Tambayoyi

Wanda ya ga jirgin sama yana wucewa, sai ya zaci matuƙinsa ba shi da sauran kuka a duniya. Amma shi ma ma'aikaci ne, yana da ubangida, watau kamfanin da ya mallaki jirgin. Tsakaninsu kuwa akwai takardar yarjejeniya wadda ta faɗi albashinsa, da sa'o'in aikinsa, da kwanakin hutunsa, da abin da zai samu in ya tsufa. A ƙasar Amurka, a manyan kamfanoni, matuƙi ba ya zuwa cinikin nan shi kaɗai, ƙungiyarsu ce ke tura wakilai. To, bari mu duba yadda wakilan nan su ke sanin abin da za su nema, da abin da kan faru in ba su sani ba.

Asalin maganar tun shekarar 1919 ne. A lokacin nan babban aikin jiragen sama na ƙasar shi ne ɗaukar wasiƙu na gidan waya. Manyan gidan waya suna zaune a ofis a Washinton, suna ba da umurni a tashi, ko da hazo ya rufe filin jirgi har mutum ba ya hangen gabansa. A watan Yuli waɗansu matuƙa biyu suka ƙi tashi, aka kore su, 'yan'uwansu suka yi yajin aiki. Bayan 'yan kwanaki aka daidaita, aka ce nan gaba shugaban da ke filin, wanda ke ganin hazon da idonsa, shi zai duba ko a tashi ko a dakata. Kun ga ke nan kukansu na fari a kan rai ne, ba a kan kuɗi ba.

Bayan wannan sai wani matuƙi mai suna David Behncke ya shiga haɗa kan abokan aikinsa a ɓoye, domin a zamanin nan wanda aka ji yana zancen ƙungiya yana iya rasa aikinsa. Har ma sukan kira junansu da haruffa maimakon sunaye. Ran 27 ga Yuli 1931, mutum 24 suka taru a wani masauki a birnin Chikago, suka kafa ƙungiyar da a ke kira ALPA. A 1934 wata hukumar gwamnati ta yanke cewa kada matuƙi ya wuce awa 85 a sama cikin wata guda, kuma a lasafta albashinsa da sa'o'i da kuma yawan mil ɗin da ya ci. A 1936 aka sa kamfanonin jiragen sama ƙarƙashin dokar da ke tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa da iyayen gijinsu. A 1939 ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniyarta ta fari, ita da kamfanin American.

Dokar nan ta 1936 ita ce ta sa shawara ta zama wajibi. Bisa ga dokar, in wa'adin yarjejeniya ya cika ba ta mutuwa, ana ci gaba da aiki da ita har a gama sabuwa. Kuma ma'aikata ba su da ikon yajin aiki sai hukumar sulhu ta gwamnati ta sallame su, sa'an nan a jira kwana 30. Saboda haka ciniki ɗaya yakan ci shekara biyu ko uku, kuma abin da aka manta ba a sa ba, sai a haƙura da shi shekaru masu yawa.

Sa'ad da su ke 24 a ɗaki ɗaya, kowa na jin bakin kowa. Amma ya zuwa 2023 'yan ƙungiyar sun wuce 70,000 a Amurka da Kanada, kuma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Tsohon matuƙi hankalinsa na kan fansho, don bai manta ba cewa a 2005, bayan da kamfanin United ya karye, kotu ta yarda aka rushe asusun fanshon ma'aikatansa, aka miƙa wa wata hukumar gwamnati, matuƙa da yawa suka sami ƙasa da abin da aka yi musu alkawari. Sabon shiga kuwa, wanda ke zaman jiran kira dare da rana, so ya ke ya san ranar da zai kwana a gidansa. Wani tsoronsa kada kamfani ya kwashe aiki ya ba ƙananan kamfanoni masu arahar albashi. In wakilai suka biya wa wani suka bar wani, bango ya tsage ke nan, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Maganin da suka samo shi ne takardar tambayoyi. Kafin a fara ciniki, sai a aika wa matuƙa tambayoyi, dā ta gidan waya, daga baya ta tarho, yanzu kuwa ta intanet. Sau da yawa akan ɗauko masana daga waje su tattara amsoshin, don kada a san wanda ya ce kaza. Kuma ba a tsaya ga tambayar abin da mutum ke so ba, gama kowa zai ce duka ya ke so. Sai a ce ya jera su, wanne ne na ɗaya, wanne na biyu, kuma wanne zai iya saki don ya sami wani. Da wannan ne wakilai ke sanin inda za su tsaya kai da fata, da inda za su sassauta.

Abin da ya faru a kamfanin United ya isa misali. A watan Yuni 2022 wakilan matuƙa suka kawo sabuwar yarjejeniya mai ƙarin albashi kashi 14 da ɗoriya cikin ɗari, a tsawon wata 18. Gunaguni ya tashi, har aka dakatar da ƙuri'a a watan Yuli, aka koma tambayar jama'a abin da ya kamata a gyara. Da aka ƙirga ƙuri'a farkon Nuwamba, kashi 94 cikin ɗari sun ƙi. A farkon 2023 reshen ƙungiyar ya sami sabon shugaba, aka koma kan ciniki, aka dage a kan tsarin ranakun aiki da hutu kamar yadda aka dage a kan kuɗi. A watan Maris matuƙan kamfanin Delta suka karɓi ƙarin kashi 34 a shekara huɗu. A watan Satumba na United suka karɓi tasu, mai ƙarin da ya kai kashi 40 a shekara huɗu, kashi 82 cikin ɗari suka yarda.

Ba za a ce tambaya kaɗai ce ta kawo wannan ba, domin a shekarun nan kamfanoni na ƙarancin matuƙa, matafiya kuma sun yi yawa bayan annobar korona. Amma da wakilai sun san zuciyar jama'arsu tun da fari, da ba su kawo abin da mutum tara cikin goma za su mayar musu ba, da kuma ba a yi hasarar watanni ba.

To, jama'a, duk wanda aka zaɓa ya yi magana da bakin waɗansu, ko a ƙungiyar ma'aikata, ko ta manoma, ko ta 'yan kasuwa, ya kamata ya tuna mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ya tambaya tun kafin ya tafi, in ya komo kuma ya karanta musu abin da ya samo kafin ya sa hannu.