Palm Springs: Gidajen Gilashi Da Unguwar Da Aka Ƙone

Wata rigar gwanjo ce na saya a nan Ikko mai ɗauke da rubutun Palm Springs, ita ta sa na shiga intanet neman labarin garin. Ashe wurin shaƙatawa ne a hamadar Kalifoniya ta Amurka, inda zafi ya kai digiri 51 a Yulin 2024.

Asalin ƙasar ta ƙabilar Cahuilla ce. A shekarun 1870 gwamnati ta yanka ta gida-gida kamar ramukan dara, kamfanin jirgin ƙasa ya samu rabi, aka bar musu rabi. A 1909 wata mata, Nellie Coffman, ta buɗe masauki domin masu tarin fuka, daga baya taurarin fim suka mai da garin wurin hutunsu.

Mai karatu, gine-ginen da suka yi wa garin suna bayan yaƙin duniya na biyu aka yi su. A 1946 Richard Neutra ya zana wa Edgar Kaufmann, mai katafaren kanti a Pittsburgh, gida mai shimfiɗaɗɗen rufi da bangon gilashi, kana falo kana kallon duwatsu. Mawaƙi Frank Sinatra ya gina nasa a 1947, kwamin wankansa da siffar fiyano. Wanda ya fi burge ni Albert Frey ne, da ya tarar da ƙaton dutse a filinsa a 1964, maimakon ya fasa shi sai ya bar shi ya shigo har cikin ɗaki. Kakanninmu dai da kaurin bangon ƙasa suka yi maganin zafi, su kuwa da inuwar rufi da na'urar sanyaya ɗaki.

To su wa suka ɗauki siminti, suka yi girki da wanki? Akasari baƙar fata ne da 'yan Meziko, waɗanda ba a yarda su sayi gida a unguwannin Turawa ba. Sai suka kama hayar filaye a hannun Cahuilla, a wani yanki mai suna Section 14 da ke tsakiyar gari, suka gina 'yan gidajensu. A 1959 doka ta ba da damar hayar filin har shekara 99, nan take ya yi daraja. Hukumar gari ta shiga rusau da cinna wuta har cikin shekarun 1960, wasu sun dawo daga aiki ne suka tarar da toka. Sai a Nuwamban 2024 majalisar garin ta amince da biyan diyyar dala miliyan 5.9.

Daren da na karanta wannan na tambayi Baba ina takardar filin shagonmu, wanda yake biyan kuɗin ƙasarsa tun ba a haife ni ba. Ya ce ai mai filin mutumin kirki ne. Na ce, Baba, 'ya'yansa fa? Bai ce komai ba, ya ci gaba da ƙirga cinikinsa.