Sond lambda: ƙaramin ƙarfen salansa mai daidaita shan man mota

Kusan duk motar fetur mai injektar da ke bin babbar hanyar RN1 ta Dogon Dutsi, ko ta sauka zuwa Tibiri, tana da wani abu mai kama da buji da aka ɗaure a jikin bututun salansa kusa da injin, waya na fitowa daga bayansa. Makanikai na kiransa sond lambda. Aikinsa auna ragowar iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, ya aika wa kwamfutar mota labari. Tsofaffin Peugeot 504 masu kabureta ba su da shi.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera shi, motocin Volvo 240 da aka yi wa kasuwar Kalifoniya suka fara ɗaukarsa a 1976. Motocin gudu ma sun bi sahu, kamar Porsche 911 ta kasuwar Amurka daga 1980. Tun daga 1993 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kusan kowace sabuwar motar fetur ta zo da shi, kuma irin waɗannan motoci ne ke iso mana bayan sun tsufa.

Injin fetur na son iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. A cikin sond akwai wani tangaran na zirkoniya da aka shafa wa farin ƙarfen platin. Gefe ɗaya na shan hayaƙi, ɗaya gefen na shan iskar waje. Bambancin oksijin tsakanin gefen biyu ke haifar da ’yar wutar lantarki. In mai ya yi yawa, wutar kan hau wajen volt 0.9, in ya yi kaɗan, ta sauka wajen 0.1. Kwamfuta kuwa sai ta rage ko ta ƙara lokacin da injektar ke buɗewa. Haka wutar ke hawa da sauka ba tsayawa, kusan sau ɗaya ko fiye a daƙiƙa. Lafiyayyen sond ke nan. Wanda ya tsufa yakan yi nawa, ko ya tsaya wuri guda.

Ba ya aiki sai ya yi zafin da ya haura digiri 300. Shi ya sa na zamani, masu waya 3 ko 4, ke da abin ɗumama kansu. Kafin ya yi zafi, da kuma lokacin da direba ya take totur har ƙasa, kwamfuta ba ta sauraronsa, lissafin da aka ajiye mata take bi.

A nan matsalar take: in sond ya mutu mota ba ta tsayawa. Tana tafiya, sai dai ta koma wancan lissafi, galibi mai ba da mai da yawa. Direba ya ga fetur ba ya auki, buji na yin baƙi, ga wari daga salansa, wani lokaci fitilar injin ta kunna a gabansa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan man bakin hanya.

Man na iya zama da laifi, amma ba shi kaɗai ba. Injin da ke ƙona bakin mai, ko ruwan lagireto da ya tsiyaya ciki, ko gam ɗin silikon da aka shafa wajen haɗa injin, duk suna toshe sond. A da fetur mai dalma ne babban makashinsa, kafin ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina sayar da shi a farkon 2006.

Kafin a sayi sabo, a duba salansa. Ƙaramin tsagi tsakanin injin da sond na shigar da iska, sond ya ce mai bai isa ba, kwamfuta ta yi ta ƙarawa alhali sond ɗin lafiyarsa lau. Yanke wayar kuwa, kamar yadda wasu ke yi, ba gyara ba ne. Motocin da aka ƙera wa Turai daga 2001 suna da sond na biyu bayan katalizer, matatar hayaƙin da ake yawan cirewa a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. In an cire ta, fitilar injin kan kunna ko da na gaban yana aiki daidai.