Kiɗan Swing a Amurka: Waye Mai Kiɗa, Waye Mai Suna?

Daga 1935 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, manyan ƙungiyoyin makaɗan swing ne suka riƙe gidajen rawa da gidajen rediyon Amurka. Jama'a sun saba kiran kowane kiɗa da sunan shugaban ƙungiyar da ta shahara da shi. Wannan maƙala na ganin cewa al'adar nan ta binne sunayen waɗanda suka ƙirƙiri kaɗe-kaɗen, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne.

A ɗauki "In the Mood", wanda duniya ta sani da sunan Glenn Miller tun 1939. Joe Garland, baƙar fata mai busa sakso, shi ne ya yi rajistarsa. Amma gajeriyar jimlar da ake ta maimaitawa a cikinsa ta riga ta fito a faifan Wingy Manone mai suna "Tar Paper Stomp" a 1930, ta sake fitowa a wani faifan ƙungiyar Fletcher Henderson a 1931. Jimla ce da ke yawo tsakanin makaɗa, mai kunne ya ji ya ɗauka. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 kuwa, wadda ke aiki a wancan lokacin, abin da aka rubuta aka yi wa rajista take karewa, don haka wanda ya riga kai takarda shi ne mai kiɗa a idon hukuma.

Haka labarin yake ga Benny Goodman, wanda aka yi wa laƙabi da sarkin swing. "King Porter Stomp" da ya ɗaga shi a 1935 na Jelly Roll Morton ne, Henderson ya tsara masa yadda kowane rukunin ƙaho zai shiga ya amsa wa ɗan'uwansa. "Sing, Sing, Sing" kuma Louis Prima ya yi shi a 1936. A ɓangaren boogie, salon fiyano ne da ya taso a gidajen shaƙatawar leburori baƙaƙe na kudancin ƙasar. Pinetop Smith ya ɗauki nasa a faifai a Chicago a ƙarshen 1928, harsashi ya kashe shi a 1929, bai ga irin kasuwar da Tommy Dorsey ya ci da kiɗan nasa daga 1938 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce ai ba launin fata kaɗai ba ne, kuma yana da gaskiya. Taken ƙungiyar Duke Ellington, wanda shi kansa baƙar fata ne, wato "Take the A Train", Billy Strayhorn ne ya rubuta shi, "Caravan" kuma ya faro ne daga Juan Tizol ɗan Puerto Rico. Sa'an nan shugabannin sun yi nasu aikin: su suka zaɓo makaɗa, suka horar da su, suka biya su. Sai dai bambancin launi shi ya yanke wanda zai samu manyan otal-otal da shirye-shiryen rediyo masu tsoka. Ƙungiyar Henderson ta watse a 1934 saboda rashin kuɗi, shekara guda kafin tsare-tsarensa su kai Goodman ga ɗaukaka.

Saboda haka wajibi ne mai nazarin wannan kiɗa ya bambanta hannu uku: wanda ya ƙirƙiri jimlar, wanda ya tsara ta, da wanda ya kai ta kasuwa. Tarihin da ya tsaya ga na ukun kaɗai ya tauye haƙƙin na farko da na biyu.