Kwatarkwashi, Garin Gindin Dutse

Matafiyin da ya baro Tsafe ya nufi Gusau, kafin ya shiga babban birnin Zamfara sai dutsen Kwatarkwashi ya cika masa ido: ƙaton dutse baƙi, mai faɗin baya, gidaje sun lafe a gindinsa. Da damina gonakin dawa da gero su kewaye shi kore shar, ruwa na gangarowa ta tsagoginsa. Da hunturu kuwa hazo ya shafe ƙololuwarsa.

Garin yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, amma masarauta ce mai sarkinta. Tarihin baka ya ce wani maharbi, Mangul, shi ya fara kafa bukka a nan. Mutanen da sun zaɓi wurin ne don tsaro, domin dokin mahara ba ya hawa dutse. Kafin jihadin 1804 yankin yana ƙarƙashin Katsina, yana kuma maƙwabtaka da 'Yandoto, garin malamai, sai dai shi Kwatarkwashi da bautar iskokin dutse ya yi suna, da kuma bikin kamun mikiya, inda samari ke hawa har sheƙarta. Musulunci ya kawar da wannan tuni. Sarkin garin, Alhaji Ahmad Umar, ya rasu a 2022 bayan shekara 61 bisa gado, abin da ba kasafai ake gani ba.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu sun san yadda jama'a ke tururuwa Guilin ta ƙasar Sin don kallon duwatsu, wasu su wuce Bankok don abincin bakin titi kaɗai. A nan ma akwai abin kallo, akwai na ci. Hoce dai na Zamfarawa ne: waina ce ta dawa, a marmasa ta, a zuba garin ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai, a kora da fura da nono. Wanda ya ci da safe ya manta da yunwa sai la'asar.

Amma direbobi yanzu ba sa son tsayawa, kowa so yake ya wuce hanyar Funtuwa zuwa Gusau da sauran rana saboda 'yan bindiga. Hukumomi su fara tsare hanyar nan tukuna, sannan a yi maganar baƙi.