Finafinan Soyayya na Gainsborough: Daga Raini Zuwa Taska

Tsakanin 1943 da 1947 kamfanin Gainsborough na Ingila ya fitar da finafinan soyayya masu labarin zamanin da, irin su The Man in Grey (1943), Fanny by Gaslight (1944) da Jassy (1947). Babban jigonsu shi ne katangar da nasaba ke ginawa tsakanin talaka da ɗan sarauta. Masu sharhi sun raina su, amma mata suka yi ta cika gidajen sinima. Hotunan tallarsu, waɗanda aka buga don a liƙa a yar, ƙalilan ne suka tsira, shi ya sa masu tara kayan tarihi ke farautarsu. Wannan taska shaida ce ta abin da talakawa suka so, masanan zamaninsu suka ƙyale.