Sanata Mohammed Ali Ndume

An haifi Mohammed Ali Ndume a garin Gwoza na Jihar Borno a shekarar 1959. Ya yi koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da ke Maiduguri kafin ya tsunduma siyasa. A 2003 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Chibok, Damboa da Gwoza a inuwar jam'iyyar ANPP, sannan tun 2011 yake wakiltar Borno ta Kudu a Majalisar Dattawa.

An san shi da rashin rufa-rufa. A 2017 aka sauke shi daga shugabancin masu rinjaye. A Yulin 2024 kuma ya rasa muƙamin mai tsawatarwa, bayan da ya fito fili ya soki gwamnatin Tinubu, ta jam'iyyarsa APC, kan yunwa da tsadar rayuwa.